Kangon Alhaji na bakin Tiga: inda aiki ya kwana

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau bayan la'asar aka yi zaman gida a zauren Baffa a Yakasai, kuma maganar gidan gonar kakanmu Alhaji da ke bakin dam ɗin Tiga ce ta cinye lokacin. Wani dillali ya zo wa Baffa da tayi, wai akwai mai son wurin zai kafa gidan kaji. Mu jikokin Alhaji mun haura 30, amma waɗanda suka taɓa sa ƙafa a wurin ba su kai 5 ba. Ni ma sau ɗaya na je, ina ɗan firamare, kuma abin da na riƙe bai wuce wata ƙatuwar kuka da rijiyar da aka hana mu leƙawa ba.

Na roƙi a ba ni daga yanzu zuwa faɗuwar damina. Baffa ya dube ni ya ce, "Kai da alli da allo, me za ka yi da kango?" Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, ko sayarwar za a yi, a bari mu san abin da muke sayarwa." Gwaggo tana daga bakin ƙofar cikin gida, tunda aka fara ba ta ce uffan ba, sai a nan ta ce, "A ba shi." Ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Alhaji da suka yi zaman gidan, don haka maganarta ta rufe taro.

Abin da na ɗaukar wa kaina: in auna abin da ya rage, in rubuta abin da Gwaggo ta sani game da gidan da ƙauyukan da ke kewaye da shi, in ga ko zauren zai cetu.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Mun fita da asuba ni da ƙanena, ta Titin Zariya. Kura, Kadawa, Ciromawa, sannan muka karkata hanyar Tiga. Daga birni zuwa dam kusan kilomita 70 ne, amma ɗan guntun da ya rage daga kwalta zuwa gidan shi ya fi wahala. Dole muka ajiye mota a gidan mai unguwa muka hau babur.

Gidan yana kan tudu, ruwa na ƙasa da shi, tafiyar minti 10 a ƙafa. Zauren yana tsaye, bango huɗu cif, sai dai rufin ya rufta ta gabas, azara 3 sun karye sun rataye kamar haƙoran tsoho. Shigifa ta zama tsibin ƙasa. Turakar Alhaji bango biyu suka rage, kuma a jikin ɗaya har yanzu ana ganin 'yar tagar da ake ajiye fitila, da baƙin hayaƙi a samanta. Rumbuna 4, babu ko ɗaya a tsaye, sai duwatsun gindinsu a jere. Wani ya shuka dawa a tsakar gidan, an girbe, kara na nan. Rijiyar ta cike da ƙasa har ana iya taka bakinta. Kukar kuwa tana nan, ko gezau.

Mun auna da igiya da tef. Zaure ƙafa 14 a kan 14, kaurin bango a gindi ya kusa ƙafa 3, yana sirancewa in an yi sama. Na ɗauki hotuna har batir ya mutu.

Da muka hau dutsen da ke bayan gidan na ga ruwan sosai. Wanda bai taɓa gani ba zai ce teku ne, don ba ka hango ɗaya gaɓar sai dishi-dishi. An gina dam ɗin a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma in ya cika yana rufe fili kimanin murabba'in kilomita 178. Fadamar Alhaji tana wani wuri a ƙarƙashin wannan shimfiɗa.

Lahadi, 8 ga Disamba

Zama na farko da Gwaggo. Na je da taswirar da na cire daga intanet ina taƙama, ta karɓa ta juya ta sama da ƙasa ta miƙo min. Ta ce a kawo mata tsinke. A ƙasar tsakar gida ta zana: nan gida, nan kuka, nan hanyar shanu, nan kogi, nan mashaya, nan tsohon gari. Ta sa ƙwallon dabino a inda kasuwa take ci, ta sa dutse a inda karofi yake. Ba ta san arewa da kudu na takarda ba, gabas take bi, inda ake fuskanta a yi salla, kuma da na gwada da abin da muka gani ranar nan, ba ta kuskure ko ɗaya ba.

Alhaji ɗan birni ne, fataucin goro yake yi, da kuɗin gyaɗa ya sayi gonar a lokacin da dalar gyaɗa ke tsaye a Kano. Da bazara sai ya kwashi rabin gida a tafi, ba a dawowa sai an kai amfani rumbu. A tudu gero da dawa da gyaɗa, a fadama rake da rogo da albasa. Ta ce raken fadamar nan har Rano ake kai shi a kan jakuna.

Na tambaye ta ranar da ruwa ya zo. Ta yi dariya ta ce, "Wace rana? Ai ba rana ɗaya ya zo ba, ɗan nan." Na zaci ambaliya ce irin ta labari, ashe a hankali ya riƙa hawa, bana ya ci rake, baɗi ya ci hanya. An sanar da mutane tun da wuri, waɗanda ke kwari suka tashi suka koma tudu, wasu suka bi dangi wasu garuruwa. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne kaburbura, don gida ana iya ɗaukar jinkarsa a kai, kabari kuwa ba ya ɗaukuwa.

Na so ta zagi dam ɗin, in faɗi gaskiya, don labarin zai fi daɗin rubutawa. Ta ƙi. Ta ce ita ta ga farin 1973 da idonta, ta ga mutanen arewa suna shigowa birni da ƙwarya a hannu, shanu suna mutuwa a bakin hanya. Ta ce, "Shinkafar Kura da kake ci, da ruwan wa ake noma ta?" Haka ne kuwa. Ruwan Tiga ne ke bin magudanai zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, tumatirin da ke cika Kwanar Gafan ma da shi ake yi. Fadamarmu ta nutse, ta wasu dubbai ta samu. Sai dai waɗanda suka rasa da waɗanda suka samu ba mutane ɗaya ba ne, kuma wannan ra'ayina ne, ba na Gwaggo ba.

Talata, 17 ga Disamba

Wayata ta faɗa bokitin wanki. Muryar Gwaggo ta awa biyu da na naɗa a ciki ta tafi, mai gyara ya ce sai haƙuri. Allah ya taimake ni na kwafe zanen tsinken a littafi tun ranar. Daga yau duk abin da aka ɗauka, a daren nake tura wa ƙanena.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Samun magini ya fi yadda na zata wuya. Duk wanda aka nuna min sai ya ce a rushe a sa bulo da kwano, mako biyu an gama. A ƙarshe wani abokin aikina ya haɗa ni da wani dattijo a cikin birni, wanda ya gaji ginin ƙasa daga mahaifinsa, yanzu kuma gyare-gyaren tsofaffin soraye kawai yake samu jefi-jefi.

Yau na kai shi. Bai yi magana ba sai da ya zagaya zauren sau biyu, yana ƙwanƙwasa bango da bayan wuƙa yana saurare. Ya tona gindin bango ya murza ƙasar a tafin hannu. Sannan ya ce, "Malam, wa ya ce maka ruwan dam ne ya ci gidan nan?" Na ce haka muke ji a gida. Ya ce, "Ruwan dam bai zo nan ba. Indararo ne ya toshe." Ya nuna min: indararon gabas ya cike da ganye da kashin tsuntsu, ruwan sama ya kwanta a kan soro, ya jiƙa ƙasar rufi, ya sauka kan azara, gara ta biyo danshi. Aikin da yaro zai yi da sanda cikin minti 5 kafin damina, shi aka bari shekara da shekaru.

Na yi shiru, don maganar ta dake ni. Tun ina yaro ake cewa dam ya cinye gidan Alhaji, kuma ta yi mana daɗi saboda ba laifin kowa a ciki. Gaskiyar ita ce fadama kawai dam ya ci. Da fadama ta tafi zuwan ya ragu, da Alhaji ya rasu ya tsaya cak, aka daina yaɓen shekara. Ginin ƙasa kuwa kamar dabba yake, kiwo yake so.

A hanyar dawowa ya karanta min abin da za a nema. Jar ƙasa ta birji don tubali, da ciyawa a cuɗa a bar ta ta ruɓa kwanaki. Azarar giginya, kuma ta namiji in za a samu, don ta fi tauri, gara ba ta cika damunta ba. Makuba, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa da ake jiƙawa, don yaɓen waje. Rufi kuwa laso yake so a yi masa: katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin ramin rini, daga karofi, gashin jima daga majema, da dafara da ake dakawa ta yi yauƙi ta haɗe su. Wato rufin soro ɗaya sai ya bi ta hannun marini da majemi da mai shiga daji. Sana'o'in birnin nan a sarƙe suke, in ɗaya ta yi rauni sauran su ji a jikinsu.

Laraba, 15 ga Janairu

Na je karofin Ƙofar Mata neman katsi. Ramuka da yawa, waɗanda ake aiki a cikinsu kaɗan. Wani dattijon marini ya yi mamaki da na faɗi abin da zan yi da shi, ya ce rabon da wani ya zo neman katsi don laso har ya manta. Ya yi alkawarin tara min, amma ya ce kada in sa rai da yawa. Magini ya ce in bai isa ba za a yi laso a bakin indararo da gefen rufi kawai, sauran a yi makuba.

Da na fito na bi ta gefen ganuwa. Irin ciwon zauren Alhaji ne, sai dai ita har da masu ɗibar ƙasa da masu kafa shago a jikinta. Kududdufan da aka haƙa aka gina birnin da ƙasarsu kuma ana ta cike su ana gini a kai, sannan damina ta zo mu ce ruwa ya yi mana ta'adi.

Asabar da Lahadi, 1 da 2 ga Fabrairu

Kwana na yi a gidan mai unguwa don in zaga ƙauyukan bakin ruwa. Wannan ɓangaren aikin ya fi kowanne yi min daɗi.

Ƙauyukan iri biyu ne. Akwai na manoman da suka taso daga kwari, suka zo da sunan tsohon garinsu suka ɗora wa sabon wuri, har da tsarin unguwanni, wanda yake maƙwabcinka a can shi ne maƙwabcinka a nan. Akwai kuma zangon masunta, waɗanda ruwan ne ya kawo su, wasu daga ƙasar Haɗeja, wasu daga Yawuri da Argungu. Hausarsu ma daban take, kana ji ka san ba Bakano ba ne. Manoman da kakanninsu ba su san ƙugiya ba yanzu 'ya'yansu na jefa koma, suna kafa mali, suna fito da karfasa da tarwaɗa. Mata na banda a bayan gida, 'yan sari na zuwa da babur da safe su kwasa zuwa birni.

Wani masunci ya ɗauke ni a kwale-kwale. Na fito da zanen Gwaggo ina karanta masa, yana tuƙi yana gyaɗa kai. Da na ce kasuwa sai ya tsayar da filafili ya ce, "Ai a kanta muke." Wurin har yau Kasuwa suke ce masa, duk da ba abin da ido ke gani sai ruwa. Akwai inda suke kira Karofi, akwai Tsamiya, akwai Maƙabarta, kuma nan ba sa jefa koma. Shi an haife shi bayan an yi dam da fiye da shekara 15, bai taɓa ganin garin ba, amma ya san inda kututturen kowace bishiya yake, saboda nan raga ke maƙalewa ta yage. Taswirar da nake tsoron za ta tafi da Gwaggo ashe tana hannun masunta, suna cin abinci da ita kullum.

Na rubuta sunaye 19 na wurare a cikin ruwa. 11 sun dace da na Gwaggo.

Daga tsakiyar ruwa ana hango duwatsun wajen Rurum ta ƙasar Rano, kudu kuma ruwan ya miƙe har wajen dajin Falgore, ta inda kogin ke shigowa. A ɓangaren dam ɗin akwai tsohon otal ɗin Rock Castle a kan dutse, wanda 'yan birni suka sani saboda yawon Salla. A dawowa na tsaya Bagauda, inda otal ɗin bakin tafki ya zama makarantar horar da lauyoyi. Mai unguwa ya ce su fashewar dam ɗin Bagauda a daminar 1988 ta fi tsorata su a kan zuwan Tiga, don ita dare ɗaya ta yi ɓarnarta.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An fara tubali. Matasa 6 daga ƙauyen, magini na tsaye a kansu. Tubalin hannu ne, mai faɗin gindi da tsinin kai, ba na akwati ba, kuma da farko yaran suna ta dariya, sun ce wannan ai curin fura ne. Kafin azahar hannunsu ya faɗa.

An sami 'yar hatsaniya. Mutumin da ke noma tsakar gidan ya zo ya ce shekara 20 yana noma wurin ba wanda ya ce masa kanzil, yau kuma 'yan birni sun zo da tef. Ban ga laifinsa ba. Muka je gaban mai unguwa, aka kira dattawa biyu, suka bi iyakar da ƙafa, daga kuka zuwa layin bini-da-zugu, daga nan zuwa gamba. Iyaka ta fito fes, shi ma bai musa ba. Na ce ya ci gaba da noma gonar, ya bar mana cikin gida kawai, shi kuma ya riƙa duba indararo. Da na kawo wa Baffa labari ya ce na yi kyauta da abin da ba nawa ni kaɗai ba. Gaskiyarsa ce, na ba shi haƙuri, amma bai ce a warware ba.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

An ga wata, gobe azumi. An tsayar da aiki sai bayan Salla. Tubali 1,400 na shan rana, an rufe su da kara saboda awaki. Azara ce ba mu samu ba tukuna. Giginya ta yi ƙaranci, wadda ake kawowa kasuwa kuma yawancinta ɗanya ce.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Azara ta samu ta inda ban zata ba. Ana rushe wani tsohon gida a cikin birni za a yi bene, magini ya ji labari ya garzaya. Mun sayi guda 22, baƙaƙe wuluk da hayaƙin shekaru, in ka buga suna ƙara kamar ƙarfe. Ya ce sun fi sababbi sau goma. Na ji daɗi, na kuma ji wani iri, don da gawar wani gida za mu tashi namu.

Kuɗi sun fara yanke min. Na sa magana a zauren WhatsApp na jikoki, mutum 9 suka turo, wasu suka turo addu'a.

Asabar, 17 ga Mayu

Ruwa ya ja baya sosai, kamar yadda yake yi a ƙarshen rani in an sha ban ruwa da shi. Masuncin nan ya kira ni ya ce gefen tsohon gari ya fito. Na gaya wa Gwaggo ba da niyyar ta je ba, don sau biyu tana ƙin zuwa. Sai ta ce a ɗauko mata mayafi.

Ba ta shiga gidan da farko ba, ta ce a kai ta ƙasa tukuna. Muka riƙe ta ni da jikarta, muna taka busasshen laka da ya tsattsage. Babu bango ko ɗaya, ƙasa ta koma ƙasa. Abin da ya rage sai wanda ruwa ba ya narkarwa: duwatsun niƙa guda 3, fasassun tukwane, duwatsun murhu, da bakunan ramukan karofi a jere, zagaye-zagaye, cike da laka. Ta ce marinan garin da na Kura abokan ciniki ne, baƙin da ake rinawa a nan har Agadas ake kai shi. Ta tsaya a kan wani dutsen niƙa ta daɗe, ta ambaci sunan matar gidan, ta ce ita ta yi mata kitson aure. Sannan ta juya wajen da ruwa bai janye ba ta ɗaga hannu ta yi addu'a, mu ma muka shafa.

A gidan kuwa ba ta yi kukan da na zata ba. Faɗa ta yi. Ta ce ƙofar zauren da muke gyarawa ba nan take ba, wannan daga baya aka huda ta, ta asali tana kallon kuka. Magini ya kankare yaɓe a inda ta nuna, sai ga layin tsohuwar ƙofa da aka toshe. Ya cire hula ya ce, "Hajiya, a gafarce mu." Aikin kwana 4 ya ƙaru.

Asabar, 14 ga Yuni

An rufe soro kwana 3 kafin Babbar Salla. Azara, asabari a kai, ƙasa, sannan makuba, laso kuma a bakin indararo da gefuna kamar yadda aka tsara, don katsin bai wuce buhu ɗaya da rabi ba. An tayar da zankwaye 4. Ƙofa ta koma tana kallon kuka.

Daren Laraba aka yi ruwa mai ƙarfi a can. Maƙwabcin namu ya kira da safe ya ce indararon gabas ya zubar lafiya, amma kusurwar yamma ta yi danshi daga ciki, faɗin tafin hannu. Yau muka je da magini, ya hau ya duba, ya ce makubar ce ta tsage wajen bushewa, ya cike ta, ya ce a sake dubawa bayan ruwa biyu.

Wa'adin da aka ba ni ya cika. Jiya na kai wa Baffa littafin awo da zanen Gwaggo da jerin sunayen nan, yanzu sun kai 26. Ya daɗe yana juya shafukan, ya tambaye ni wace ce Tsamiya, na nuna masa. Dillalin ya sake zuwa a makon Salla, Baffa ya ce masa a dakata sai an yi zaman gida bayan kaka. Bai ce an fasa ba.

Abin da ke gabana kafin nan: yashe rijiya, in magini ya ce bakinta zai ɗauka, da komawa wajen wani tsoho a zangon masunta da aka ce ya san sunayen ɓangaren kudu. Gwaggo kuma ta ce akwai rumbu na biyar da ban gani ba, a bayan turaka, in tona zan tarar da duwatsunsa.